Gyaɗa Uku Kafin Amsa

Duk wanda ya taɓa shan kunun gyaɗa a bakin tashar keke napep a Mubi ya san Margret. Kunun ba laifi, amma bakin nan nata, Allah ya kyauta. Shekara talatin mijinta Tizhe yana fara zance tana ƙarasa masa, har bawan Allah ya koma hira da awakinsa. Ya ce su dai suna barin mutum ya kai aya.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari, kowa ya yi ta kansa. Da hankali ya kwanta, su Margret suka dawo suka tarar an ɓalle ƙofa, amma tukwanen kunu suna nan. 'Yarsu tilo, Vanessa, ta yi zamanta a Jos, ta samu aikin jinya, ta samu miji. Ita ce ta aiko wa uwar babbar waya, ta ce a riƙa kira ta intanet, ya fi sauƙi.

Wuri ɗaya sabis yake sauka a gidan, gindin mangwaro kusa da turken awaki, nan Margret ta kafa kujerarta. Murya kam tar take fita, kamar yarinyar na zaune kan tabarma, sai dai muryar tana makara a hanya. Margret kuwa ba ta san jira ba. Ta gaisa ta ji shiru, sai ta ƙara wata gaisuwar, ta tambayi miji, ta tambayi sanyin Jos. Kafin amsar farko ta iso, ta yi nisa cikin labarin tsadar sukari. Sau da yawa Vanessa takan ce akwai maganar da take son faɗi, maganar ta yi karo da ta uwar, a rasa ta wa za a ji.

Sati uku ana haka, har yarinyar ta gaji ta rage kira. Hankalin Margret ya tashi. Ko birni ya cinye mata 'ya, ko wani ciwo ake ɓoye mata? Mai kunun da ba ta taɓa kuskure ba sai ga ta tana manta tsamiya.

Ranar Lahadi bayan coci, Tizhe ya dire mata faifan gyaɗa mai ɓawo a cinya. Ya yi sa'a bakinta cike yake da ruwa.

"Maman Vanessa, wayar ba ta da laifi. In kin yi magana, ɓare gyaɗa uku kafin ki sake buɗe baki."

Ta harare shi, amma ta kira. Ta gaisa, ta ɓare ɗaya, ta ɓare biyu, leɓe na rawa kamar murfin tukunya a kan wuta. A ta ukun muryar ta iso.

"Mama, ciki gare ni, wata bakwai. A hannunki nake so in haihu."

Margret ta buɗe baki za ta yi guɗa, Tizhe ya nuna faifai. Ta ɓare uku da ƙyar, sai ga sauran zancen: ranar Asabar Vanessa za ta taso.

Har yau da faifanta take zuwa gindin mangwaro, gyaɗar kunun gobe a kan waya ake ɓare ta. Tizhe ya ga dabara ta ci, rannan ya miƙa mata faifan lokacin da yake son ba ta labarin gona. Ta ture shi, ta ce shi muryarsa ba daga Jos take tasowa ba, ya faɗi da sauri ko ta ƙarasa masa.