Anti Tafireta da Littafi na Takwas

Shekara ashirin da bakwai Anti Tafireta ta yi tana buga bayanan masu ƙara da tafireta a ofishin 'yan sanda, cikin wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Da ta yi ritaya, abin da ta fito da shi ciwon yatsu ne, sai sunan nan da ya bi ta har gida.

'Yarta ma'aikaciyar jinya ce ta fara sayo mata littattafan labarin wani sufeto mai ɗingishi, wai ko ta rage zaman shiru. Bakwai ta karanta a jere. Na takwas kuwa mako uku ya yi a hannun kujera, ta ɗauka ta ajiye.

Ranar da ta gama shi, 'yar ta dawo daga aiki da la'asar, ta same ta a baranda, ta tambaye ta yaya littafin. Anti ta ce ba laifi. Sufeton ya tsufa yanzu, gwiwa ta hana shi hawa bene, ogansa ba ya sauraronsa, kuma wannan ya yi mata, don ta san irinsu, ta sha dafa musu shayi. Akwai wurin da matar wanda aka kashe a labarin ta zo ba da bayani, ta yi ta maganar takalman mijinta maimakon amsa tambaya. Nan sai da Anti ta rufe littafin. Haka mutane suke yi, ita kuwa a lokacinta tsallake irin wannan take yi, don fom ba shi da gurbinsa.

"To me ya ɓata miki rai, Mama?"

"Ƙarshen mana. Kwana shida an kama mutum, ya zauna ya zayyano komai kamar mai karanta labarai."

Sai Anti ta ba ta labarin wani direba da aka tsinci gawar ƙanwarsa lokacin tana aiki. Duk Litinin yakan zo, ya tsaya bakin tagarta, ya gaishe ta da ladabi. Ita kuma ta ce masa fayil yana sama wurin manya, alhali yana cikin kabad a bayanta, ba wanda ya buɗe. Shekara huɗu suka yi a haka, sannan ya daina zuwa. Har yau ba ta san ko mutuwa ya yi ko gajiya ba.

'Yar ta ce ai labari ne, mutane suna son a kama mai laifi ko da a takarda ne. Anti ta ce ta sani. Ita ma da aka sa wa mutumin cikin littafin ankwa sai da ta ji sanyi a ranta, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi.

'Yar ta cire takalma, ta ce ta ji na tara ya fito.

"In kin ci karo da shi ki sayo," in ji Anti. "Amma kar ki wahalar da kanki wajen nemansa."