Ƙyallen Rigar Auta

Yau na murza ganyen tumatir a yatsuna, ƙamshinsa ya mayar da ni bayan ɗakin kakata a Ƙofar Marke.

Lokacin tumatir baƙo ne a Sakkwato. Wani kukun Nasara ne ya ba ta irin, ta shuka a bakin rijiya. Kowane gindi sai ta kafa masa kara, ta ɗaura ƙyalle daga tsohon tufafin wani a gidan. Mai ƙyalle shi ke ban ruwa, shi ke cin 'ya'yan fari.

Shekarar da aka kwashi samari ɗaukar kaya zuwa yaƙin Kamaru, har da autanta, baffana. Ta yagi bakin shuɗiyar rigarsa ta ɗaura a gindi guda, tana ba shi ruwa da kanta. Ya yi 'ya'ya jajur, suna faɗuwa suna ruɓewa. Wata safiya na miƙa hannu, ta riƙe ni.

"Ke 'yar nan, wanga na Auta na. Shina tahe."

Na ce, "Kaka, ai tururuwa ke cinyewa."

Ta ce, "Su ci. Ni dai ban ba da rabonai ba."

Ta rasu da bazara, shi kuwa ya dawo lokacin girbi. Shukar ta bushe, sai kara da ƙyalle. Ya tsuguna ya daɗe yana shafa ƙyallen.

Allah Ya sanyaya makwancinta, Ya haɗa su inda ba a jira.