Anti Rhoda da Wasiƙun da Ba a Buɗe Ba

Kullum ƙarfe takwas da rabi bas ke sauke Anti Rhoda Dokas a unguwar Thamesmead da ke Landan, jakarta cike da takardun ƙorafi. Shekara goma sha huɗu ke nan tana aiki a ofishin gidaje na council, wato ƙaramar hukuma: wane ya ƙure rediyo, karen wance ya ɓata matakala. Wasu jami'an wasiƙa kawai suke aikawa. Ita kuwa sai ta je da ƙafarta, ko da lif ya lalace.

A 1991 maganar gidan Malam Maharazu ta zo teburinta. Baturen da ke ƙasansu, direban bas mai barcin rana, ya cika takarda da ranaku da lokuta: dum, dum, dum a bisa kansa. An aika gargaɗi uku, shiru. Saura kotu, a karɓe gidan. Sai Anti Rhoda ta je da kanta.

Da Hajiya Karimatu, matar gidan, ta ga katin council a wuyan baƙuwa, sai ta ɗauka korarsu aka zo yi. 'Ya'ya uku, ga Malam yana Kano wata biyar yana jinyar mahaifinsa. Ina za ta kai su?

"Sannu da gida, Hajiya," in ji Anti Rhoda, da Hausarta ta Jos. "Wasiƙunmu fa?"

Hajiya ta zaro su daga ƙasan akwati, duk a liƙe.

"Sunansa ne a kai, 'yar'uwa. Ni in buɗe wasiƙar maigida?"

"Kai, Hajiya! Ladabin nan ya kusa kai ki titi. To me kike bugawa haka?"

Ashe turmi ne. Yaji take dakawa.

Anti Rhoda ta sauka ɗakin Baturen ta zauna, ta sa a daka a sama. Har kofuna suka yi rawa. Da gaskiyarsa, kuma ta faɗa wa Hajiya ba ɓoye-ɓoye. Aka ɗora turmin kan katifar soso, aka mai da daka ƙarfe biyar, bayan ya tashi. Duk da haka sai da ta yi mako biyu tana ja-in-ja da shugabanta kafin a janye maganar kotu. Duk kwanakin nan kayan Hajiya a ɗaure suke.

Anti, ke ce mai ƙwanƙwasa ƙofa kafin yanke hukunci. Watan gobe za ki yi ritaya, mu mazauna gidajen nan kuwa hankalinmu bai kwanta ba, don ba mu san wa za a kawo ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku da za ku gaji teburinta, don Allah ku hau matakalar nan. Wataƙila wata tana can sama, wasiƙa a akwati, tana jiran maigida.