Dattawan Cikin Jujin Yaya Bawa

Ku da kuka san Yaya Bawa kun san bai taɓa hura shayi ba. Mai shayin tashar Jega zai zuba masa yana tafasa, shi kuwa ya kafa kai, idanu na hawaye. In na ce, "Yaya, bari shi huce mana," sai ya harare ni.

"Dattawa cikin abin da yaf fi wanga zafi sunka rayu. Kai mi kas sani?"

Dattawan nan ba mutane ba ne. Shekara da shekaru yana koyar da kimiyya a sakandare, ya dawo garinmu Danwarai da su a baki. Wai ƙwayoyin halittar da Allah ya fara yi, ido ba ya ganinsu, a bakin maɓuɓɓugar ruwan zafi suka zauna can ƙarƙashin teku. Ba hasken rana, ba iskar da muke shaƙa, farar wuta da ƙarfe suke ci su samu ƙarfi. Na ce to su da wa suka yi gardama a lokacin? Ya ce shi ya sa suka daɗe.

Ya tara juji a bayan gida, kashin shanu da kara da ɓawon albasa, ya ce jikokinsu na ciki suna aiki. Da sanyin safiya jujin sai ya riƙa tururi. Maƙwabta suka kai ƙara wurin mai gari, wai wuta za ta ci musu rumbunan albasa. Aka ba shi kwana biyu ya watsar. Shekarar nan takin zamani ya gagari talaka, jujin nan shi ne gonarsa gaba ɗaya. Wallahi na tsorata masa.

Shi ko a jikinsa. Ya binne ƙwan zabuwa cikin jujin a gaban kowa, bayan la'asar ya tono, ya ɓare, ya miƙa wa mai gari.

"Ranka shi daɗe, ina wutar? Girkin dattawa na."

Mai gari ya tauna, sannan ya ce, "Babu gishiri?"

Juji ya tsira. Masu ƙarar nan su ne suka riƙa zuwa da buhu neman taki.

Kwana uku da rasuwarsa na zaga bayan gida, na cusa hannu cikin jujin. Da ɗuminsa na same shi, sai na kasa tashi. Allah ya jiƙan Yaya Bawa, ya sanyaya masa makwanci, ko da zai yi gardama.