Tunkuzar Mma da Man Ƙarƙashin Teku

Wata Lahadi ce, a shekarar da na shiga aji huɗu, Yaya Sani ya durƙusa a tsakar gidanmu na Zongo yana neman mahaifiyarmu, Mma, ta sa masa albarka. Ya gama karatun duwatsu a jami'a, an ɗauke shi aiki a jirgin da ke haƙar mai can tsakiyar teku. Mma tana matsar tunkuza, ni ina riƙe mata turmi, gida duk ƙamshin gyaɗa. Ko kallonsa ba ta yi ba. A gidanmu ko kasuwa ba a zuwa sai ta ce Allah ya tsare, balle inda babu ƙasar takawa. Ni kuwa addu'a nake ta hana shi, don shi ke kai ni bakin tekun Baguida kallon masunta suna jan koma.

"Mai a ƙarƙashin ruwa?" in ji Mma. "Ai mai sama yake tasowa, Sani. Kada su ruɗe ka su kai ka ga halaka."

Sai ya matso kusa da turmin. Ya ce ƙananan halittun teku, waɗanda ido ba ya gani, su ke mutuwa su kwanta cikin laka. Koguna su kwaso yashi da taɓo su binne su, hawa kan hawa, shekarun da ba sa ƙirguwa. Nauyi ya danne, zafin cikin ƙasa ya dafa, har mai ya tsattsafo kamar na tunkuzarta, in zafin ya yi yawa ya koma iskar gas. Kuma gaskiyarta, sama yake nema. Yakan bi 'yan ƙofofin dutsen yashi har ya tarar da busasshiyar laka mai tauri ta tare shi kamar marfi, sai ya taru a nan.

Mma ta dubi man da ke bin yatsunta. "To, wanda ya rufe marfin nan ba da wasa ya rufe ba. Duk ran da za ku buɗe, ka yi bismilla." Ta dafa kansa da hannunta mai maiƙo. Na ɓuya bayan randa na sha kukana, har na yi kwanaki ina fushi da ita.

Yau inji ke matsar gyaɗa a Zongo, turmin ya tsage, Mma ta riga mu gidan gaskiya. Yaya Sani ya yi furfura a teku. Ya ce min har gobe, kafin ƙarfe ya taɓa dutse, yakan yi bismilla cikin ƙarar injuna, sai ya ji ƙamshin gyaɗa. Ni ma ban taɓa buɗe kwalbar mai ban ji muryarta ba.