Akwatin Muryar Da Ɗana Ya Bari A Buɗe

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana na fari. Mutanen unguwarmu ta Majidaɗi sun san shi da Mai Rediyo, ni ma a haka zan bar shi, don sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne, ƙanwarsa Hajara tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Mu Zazzagawa ne, fatauci ya kawo kakansa Jalingo. Mun zo da al'adarmu, muka tarar da ta Fulani wadda ta fi tamu tsanani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta yabonsa ko da sama ya taɓo. Faɗa kam an yarda ta yi masa. Haka na tashi na gani, haka na yi. Labarina na mutumin da ya yi shekaru yana jiran yabo ɗaya daga bakin uwarsa ne.

Gyaran rediyo da talabijin ne abincinsa. Amma abin da ya ci ransa wasu 'yan akwatuna ne da yake haɗawa da hannunsa, wani a gwangwanin biskit, wani a katako. Ina bakin murhu na ji yana gaya wa matarsa Rabi, wai muryar da ke cikin waya ko kwamfuta an yayyanka ta ne gutsi-gutsi an mai da ita lambobi, aikin akwatin shi ne ya sake haɗa ta kafin ta isa lasifika. Na ce a raina, ashe kaɗi ne. Auduga a warwatse, mazari ya mai da ita zare. In hannu ya karkace, zaren ya yi ƙulli.

Wata shekara wani ƙugi ya shiga masa akwati, can ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma a tulu. Ya auna da mita, ya ɗauki ƙarfen liƙi da dalma ya canja kafasita, ya canja taransifoma, ya sayo sababbin wayoyi. Mako uku yana cewa ruwa ba ya tsami banza, ƙugin yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Da na gaji, sai na ɗaga murya yadda zai ji, na ce, "Rabi, abin nan fa ba ya gurnani sai firjin zoɓona ya tashi." Ya miƙe ya zare wayar firjin. Ƙugi ya mutu. Ya yi dariya har da hawaye, ya raba musu layin wuta, daga baya ma ya mai da akwatin kan batir. Tun ranar na zama kunnensa.

Ga yadda muke yi. Bayan la'asar sai ya ajiye mini kujera a tsakar gida, in zauna in ba shi baya. Shi hakan yake so, kada idona ya yaudari kunnena. Ni ma hakan ya yi mini daidai. Abu ɗaya tak yake canjawa, ba ya kuma gaya mini ko mene ne. Sai ya sa kiɗan wani mai garaya da ya ɗauka a wani biki a Lau, kullum shi ɗin dai. In saurara, in ce wa Rabi, "Akwai tsakuwa a ciki," in sautin bai fita sumul ba. Ko in ce, "Gishiri ya yi yawa," in sautin yana sukar kunne. Ko, "Miyar ta yi ruwa," in ba shi da nauyi. Yana ganewa sarai, ya koma ya gyara.

To, ana nan ana nan, wata rana ya kunna na katakon. Na ji farcen mai garaya yana taɓa tsirkiya. Na ji numfashin da yake ja kafin ya ɗaga murya. Tsikar jikina ta tashi, har na kusa waiwayawa in ga ko baƙo ne ya shigo. Na nemi tsakuwa, babu. Ya ce, "Inna, yaya?" Aibi nake da izinin faɗa, ga shi kuwa babu aibi. Na tashi na ɗauki buta na shige ɗaki.

Shi ya ɗauka akwai sauran aibi, wanda na ji na rasa sunansa. Ya sake kwance murfin. Shekara biyu yana cirewa yana mayarwa. Duk ranar da ya ɓata, in faɗa. Duk ranar da ya dawo daidai, in tashi. Rabi ta same ni ta ce, "Inna, don Allah ki ce masa ya yi mana, kafin ya yi gyaran gangar Auzinawa." Na ce, "Ke, ina ruwana da wayoyinsa?" Ciwon kwana tara ya ɗauke shi. Akwatin yana kan teburinsa a buɗe, kusoshin murfin suna cikin faranti.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kowa da waya a hannu tana tsuwwa kamar gyare, masu keke napep suna wucewa da sauti mai fasa ƙirji, ba wanda ya damu da tsakuwa. Ina jin zai girgiza kai kawai, don shi ba mai yawan magana ba ne. Amma farantan sola da suka hau rufin unguwarmu, waɗannan za su faranta masa. Ya sha cewa wutar batir ta fi ta gari tsabta, kamar ruwan rijiya da na kududdufi.

Bana, abokinsa Malam Bitrus ya zo gaishe ni daga Sunkani. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, su biyu suka yi ta wannan haukan wayoyi tare. Ya ga akwatin ƙarƙashin ƙyallen da Rabi ta rufa masa, ya roƙa a bar shi ya duba. Ya kaɗe ƙura, ya bi kowace mahaɗa da mita, ya dawo ya sake bi. Ya ce, "Mama, akwatin nan lafiyarsa ƙalau. Abokina me yake nema a ciki?" Rabi ta sunkuyar da kai. Na ce a kawo kujera. Na juya baya, ya jona batir, ya sa mai garayar Lau. Farcen yana nan, numfashin yana nan. Ashe kafin ɗana ya kwanta ciwo ya mai da komai mazauninsa.

Malam Bitrus ya ce, "Mama, in rufe ko in bari?"

Na ce, "Rufe. Aikin ya yi. Tun shekara tara da suka wuce ya yi."

Ba zan zagi al'adar da ta raine ni ba, ta tsare mana abubuwa da yawa. Amma na auna abin da ya rage na ɗana, na ga akwati ne mai faɗin murya yadda aka ba shi, da mutane a garin nan da suka koya daga gare shi cewa abu ɗaya ake taɓawa sannan a saurara. Nawa kason kuwa, maganar da take hakkinsa na riƙe har na ba wa abokinsa. Allah ya ji ƙansa, ya kai masa abin da na hana shi.