Tudun da ke Bayan Ɗakina

Garinmu ƙarami ne, can gefen Daddara, dab da iyakar Nijar. Shiru ya yi masa yawa, har idan babur ya shigo sai mata sun leƙo ta saman danga su ga ko wane ne. Ni kuwa a lokacin, in na gama daka da ɗebo ruwa, ba ni da aiki sai karanta littattafan soyayya da yayata ke aro mini a kasuwar Jibiya. A cikinsu saurayi kullum baƙo ne mai ƙamshin turare, kuma ba ya furta so da wuri, sai ya daɗe yana zagaye daga nesa.

Ana haka aka turo sabon malamin firamare daga Katsina. Bai daɗe ba ya fara zuwa bayan la'asar, ya hau wani ɗan tudu da ke jikin katangarmu, daidai tagar ɗakina. Ya ɗaga waya sama, ya kara a kunne, ya yi ta magana ƙasa-ƙasa har rana ta yi ja. A garinmu, namiji ba ya maimaita tsayuwa jikin gidan da ke da budurwa sai da dalili ɗaya. Kowa ya san haka.

Wata rana na kasa kunne, na ji yana cewa, "Wallahi tun safe ke nake tunani." Na ce a raina kunya ce ta hana shi sallama, shi ya sa ya fake da waya don in ji.

A bakin rijiya mata suka fara kirana amaryar malam. Gwaggona ta ce, "Ke ɗiyar nan, ashe birni za ki bar mu? To ki tuna da ni ranar rabon atamfa." Ina rufe fuska, amma daɗi nake ji. Na yi ƙunshi, na rambaɗa kwalli. Kullum sai na share tudun, na shimfiɗa tabarma, na ajiye kwanon fura. Yakan sha, ya ce, "Allah ya saka, mutanen gidan nan." Akwai ɗan maƙwabtanmu mai kai gero kasuwa a amalanke, wanda ya daɗe yana zuwa zance wurina. Na daina fita in ya yi sallama.

Da magana ta yi yawa, Baba ya kira malamin zaure, ga Kawu zaune. Ni da Inna muka laɓe bayan ƙofa.

Baba ya ce, "Malam, mun ga kana zowa. Mu nan ba mu barin ana tsaya wa ɗiya bayan ɗaki. In da gaske kake, turo manyanka."

Malamin ya dubi Baba. Ya ce, "Baba, wace ɗiya?"

Sai malamin ya gane inda aka dosa.

Ya ce, "Ai sabis nake nema. Duk inda na tsaya a garin nan sabis ɗin Nijar waya ke kamawa, sai kan tudun nan na ƙasarmu ke zuwa. Iyalina nake kira, tana Katsina, ta kusa haihuwa."

Masu waya a garinmu layin Nijar suke riƙewa saboda fatauci, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura. Kawu ya so ya danne dariya, ta koma masa tari. Inna ta dubi ƙunshin hannuna, ta ce a hankali, "Je ki ɗauko tabarmarmu."

Kafin magariba labari ya gama gari, garin da ba shi da wani labarin da zai ture wannan. Na daina zuwa rijiya. Na yi ta goge tafin hannuna da toka, lallen ya ƙi fita. Malamin bai sake hawa tudun ba, sai ya riƙa takawa har bakin titi. Mai amalanke ma bai sake sallama ba. Bayan kaka ya auro wata daga Bugaje.

Yanzu duk mai son kiran Katsina ko Kano kan tudun yake hawa, kuma tudun amarya ake ce masa, har yaran da ba su san dalili ba. Duk lokacin da na je gida, in na ji mutum ya tsaya a wurin yana "Kina jina?", sai in tashi in rufe tagar.